Amarya a Masama, Ango a Kan Dutse

Da Tajuddeen ya iso Kalgo zance bayan la'asar, Juwairiyya ta lura ya ƙi zama a tabarmar da ta shimfiɗa masa.

"An ɗauke ni karatu a Turai," ya ce. "Shugabancin wasanni da yawon buɗe ido. Garin da makarantar take a kan duwatsu yake. Shekara biyu ne, kuma jibi zan tashi."

Ta zuba masa ido. Juma'a mai zuwa aka sa ɗaurin aurensu.

"To, Juma'ar fa?"

"Ba a ɗaga ba. Kawu zai zo daga Gwandu ya karɓa mini, ai ba lallai sai ango na wurin ba. Sai a kai ki gidanmu a Masama, ki zauna wajen Inna."

Kofin ruwan da ta kawo masa ya karkace a hannunta, ruwa ya jiƙa mata ƙafa, ba ta ma ji ba.

"Su Baba sun sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun watan jiya suka amince."

Ta ajiye kofin a ƙasa.

"Malam Taju, ba Inna na ce ina so ba. Ko ka nema mini kujera a jirgin nan, ko Kawu ya yi zamansa a Gwandu ranar Juma'a."