Ranar da Allurar Sha-Yanzu Ta Daina Ci

Shekara goma sha tara yana aiki a ƙaramin asibitin unguwa, har mutane sun manta sunansa na gaskiya, kowa Sha-Yanzu yake ce masa. Jami'in lafiya ne, ɗakinsa na ƙarshen baranda. Ka shigo da mura, allura. Ka shigo da gudawa, allura. Wai shi ba ya sallamar mutum hannu rabbana.

Allurar kuwa ta kashe ƙwayoyin cuta ce, mai ƙarfin gaske, wadda aka tanada don ciwon da ya kai ciwo. Shi ko ba gwaji, ba komai. Kwana biyu ko uku, zazzaɓi na sauka sai ya ce an warke. In mai ɗakin gwaji ya yi masa magana, sai ya kwashe da dariya.

"Kafin ka gama leƙe-leƙenka na warkar da mutum goma!"

Jama'a kuma suna zuga shi, wai hannunsa da sa'a. Haba! Sa'ar me?

A gida yana da 'ya, Auta, shekararta tara. Tun tana shekara shida take fama da zafin fitsari, ya tafi ya dawo. Da ta fara kuka a banɗaki sai uban ya buɗe jakarsa. Yarinyar har ta saba, tana tsokanarsa.

"Baba, yau a hagu za ka yi. Dama ta cika, babu masaka tsinke."

Wata rana uwarta ta ce, "Baban Auta, karo na biyar ke nan bana. Don Allah a kai fitsarin yarinyar nan a auna mana."

"Ke, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yata ce, aikina ne. Me za su gaya mini?"



A karo na shida zazzaɓin ya ƙi sauka. Ya yi mata allurar kwana uku, jiki kamar garwashi. Ya canza wata, ya sake canza wata. A rana ta biyar Auta ta fara amai, tana riƙe kwiɓinta, fitsarin ma sai ɗigo-ɗigo. Nan fa idonsa ya raina fata. Ya saɓa ta a kafaɗa sai babban asibiti.

Likitar yara ce ta karɓe su, matashiya, da kyar ta kai sa'ar ƙanwarsa. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗaura ƙarin ruwa, sannan ta juyo.

"Baba, me da me aka taɓa ba ta?"

Ya fara lissafo sunayen magunguna, tana rubutawa. Da ya kai na bakwai ta ajiye biro.

"Duk wannan a jikin yarinya ɗaya? An taɓa gwaji?"

"Ba a yi ba."

"Wa ya rubuta mata?"

Ya dubi ƙasa. "Ni ne."

Kwana biyu aka yi ana jiran sakamako, ana ba ta abin da ake da shi, Auta na ƙara nisa. Da takardar ta fito, likitar ta miƙa masa, don ta san ya iya karantawa. Magani goma sha biyu aka gwada a kan ƙwayar cutar. Goma sha ɗaya ba sa cinta. Duk wanda ya taɓa zuƙa a sirinji yana cikin jerin. 

"Duk lokacin da ka yi allura ka tsaya a rabi," in ji likitar, "ƙwayoyin cuta masu rauni ka kashe, masu taurin kai suka hayayyafa. Yanzu cutar ta hau ƙoda, ta shiga jini. Saura magani ɗaya, kuma ba mu da shi a nan. Na aika a kawo daga wani gari, sai gobe."

"Likita, ki taimake ni. Ita ke nan 'ya mace a ɗakina."

"Muna iya ƙoƙarinmu."

Washegari da hantsi Auta ta buɗe ido ta ce da uwarta tana jin sanyi. Aka lulluɓa mata zane. Daga nan rai ya yi halinsa.

Uwar ba ta yi kururuwa ba. Ta rufe wa 'yarta ido, ta dubi mijinta sau ɗaya, ta kau da kai. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da azahar maganin ya iso a cikin akwatin ƙanƙara. Direban da ya kawo shi bai san abin da ya faru ba, ya danƙa wa Sha-Yanzu yana murmushi. Ya tsaya a baranda rungume da akwatin, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Likitar ta zo ta miƙa hannu a hankali.

"Ka yi haƙuri, Baba, ba ni. Akwai yarinya a gado na huɗu, ita ma magungunan sun daina cin cutarta."

Katin yarinyar na hannunta. Ya kai ido ƙasan takardar da aka turo yarinyar da ita daga ƙaramin asibiti. Sa hannunsa ne.

Ya ku ma'aikatan lafiya, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba na mura ba ne, ba kuma na faranta wa mara lafiya rai ba. A gwada kafin a rubuta, a ba da shi yadda ƙa'ida ta ce. Wanda muka ɓarnatar yau, gobe za mu neme shi a kan 'ya'yanmu, mu tarar ya daina ci.