Igiya Daga Ɗaki Zuwa Banɗaki

Saude ta shigo ta tarar da mijinta Ɗalhatu yana fasa dokin ƙofar ɗakinsu da guduma. Shekaranjiya ya shafa wa bakin rijiya farin fenti. Jiya kuma ya ɗaura igiya daga ɗaki har banɗaki.

Ya gane ke nan. Wata biyar tana ɓoye masa cewa idonta ya fara hazo, don kada ya raba ta da keken ɗinkinta.

"Baban Na'ima, wannan aikin fa?"

"Gyara ne kawai. Mutum yana yawan tuntuɓe a nan."

"Wa ya gaya maka?" ta ce. "Wallahi da rana ina iya zura zare a allura. Don Allah kada ka hana ni ɗinki."

Gudumar ta tsaya. Ya juyo yana neman fuskarta, amma gefen kafaɗarta yake kallo.

"Ke ma?" ya ce a hankali.

Ashe ba don ita yake gyaran ba, shi ma idonsa ya fara hazo. Saude ta waiwaya ta dubi babur ɗinsa da ke jingine a zaure. A kansa ya kai 'yarsu Na'ima makaranta da safen nan, ta babban titin Kibiya.