Kunnen da ke Saman Allo

Tun da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta fara aiki, kowane aji yana da kunne, wani ɗan baƙin akwati a saman allo. Da an furta jimla daga littafin da makaranta ba ta biya lasisinsa ba, sai fitilarsa ta yi ja. Ja uku, malami ya bar aiki. Malama Tasalla tana da biyu.

Littattafan kimiyya suna kulle a ofis, ga jarrabawa jibi. Tana ta kewaye-kewaye da nata kalmomin, tana satar kallon akwatin.

"Malama, wallahi ba mu gane ba," in ji Hansatu daga layin gaba.

Malama Tasalla ta sunkuya, ta raɗa jimlar yadda take a littafi. Fitila ba ta motsa ba.

Amma ta manta tarbiyyar da ta yi musu da kanta: abin da malama ta faɗa, a maimaita. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, da ƙarfi.

Fitila ta yi ja.

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dawo ta ajiye.

"Kafin masu korata su iso," ta ce, "ku buɗe kunnuwanku. Babi na gaba."