Warin Garken Baffa

Duk rani Baffa, mahaifina, yakan kwantar da shanunmu a gonar wani Alhaji a gefen Maigatari. Kullum sai ya matsar da turaku gaba, don kashi da fitsari su game ko'ina. Ladanmu karan dawa da ruwan rijiyar gonar.

Shekarar da takin zamani ya shigo, wata la'asar ina riƙe wa Baffa igiya, sai ga Alhaji a kan keke, da farin buhu a baya. Gonar ta riga ta yi baƙi da taki. Ko sallama bai yi ba, ya toshe hanci da hannun riga.

"Kai Bafillace, kwashe min wannan warin. Yanzu taki a buhu yake zuwa."

Baffa ya ce, "Alhaji, rijiyar fa? Akwai 'yan maruƙa."

"Na sa a rufe ta."

Baffa ya tumɓuke turakunsa, muka kora shanu. A hanya ƙishirwa ta kashe maraƙin da nake kiwo.

Bara jikan Alhajin ya zo da amalanke, wai gonar ta gaji, in sayar masa da kashin shanu. Da furfurata, sai da zuciyata ta tafasa. Na ce ya juya, mu nan wari kawai gare mu.