Ruwan Alwalata

Shekara tara ke nan da aka fara rabon ruwa a Gembu, lita biyu ga kowane mutum a yini. Lambun furanni na gari bai mutu ba, domin doka ta ce duk mai shiga sai ya zuba rabin rabonsa a gindin shuka guda.

Ranar Laraba na je wurin itaciyar da marigayi maigidana ya dasa, mai jajayen furanni irin na ƙasashen sanyi. Tun rasuwarsa taimama nake yi, ita nake kai wa ruwan alwalata.

Malam Ɗanjuma, mai kula da lambun, ya same ni a durƙushe ina zuba mata.

"Malama Zulai, shekara uku ke nan ba ta yi fure ba. Ranar Asabar za a tuge ta."

"Idan na ƙara mata fa?"

Ya dubi leɓɓana da suka tsattsage. "Ki ƙara da me, baiwar Allah? Ke kanki ban ruwa kike buƙata. Liman ma ya ce taimamar nan taki akwai magana."

"Malam, akwai toho a reshen ƙasa. Na gani."

Ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana kallon reshen.

A bakin ƙofa mai gadi ya sa na buɗe baki, kamar kowa, don ya tabbata ban tauno ɗanyen ganyen lambun ba saboda ƙishirwa. Na yi masa sallama na wuce.

Daga gobe har Asabar, duka lita biyun zan kawo mata.