Wutsiyar Saƙon Mai Masa

Ka ce kana so ka riƙa sanin wanda ya buɗe saƙonka da wanda bai buɗe ba, kuma na ga ka ƙagu. To ajiye wayar nan tukuna ka saurara.

An yi wani tsohon ma'aikacin jinya da ke riƙe da sakatarcin wata ƙungiya ta masu ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Mutumin kirki ne, ba na jin akwai mai musu. Mutanensa ba sa son a gan su a ƙofar ofis, don haka ta imel yake tuna musu lokacin karɓar magani da ranar ganin likita. Wata shekara ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, ya daina shan magani, bai gaya wa kowa ba, sai gawarsa aka fitar daga ɗaki. Abin ya tsaya wa sakataren a rai, ya yi alkawari ba zai sake bari wani ya ɓace masa haka ba. Sai ya sa aka liƙa wa kowane saƙo wani ɗan hoto da bai kai ƙwayar gero ba, wanda da zarar an buɗe saƙon zai kawo masa rahoto. Shuɗin layin nan da ake latsawa a shiga shafi kuwa, aka ɗaura masa adireshin imel ɗin wanda aka aika wa a wutsiya, don a san wa ya latsa. Matar da ta haɗa masa aikin ta ce ya bari ta mayar da adireshin wasu lambobi da ba mai gane su sai shi. Ya ce mata, "Haba Hajiya, wa ke da lokacin karanta wutsiyar layi? Bar shi haka, sauri nake yi." Ta bari.

Cikin mutanensa akwai wata mai masa a bakin tasha, gwauruwa mai 'ya'ya. Ba zan faɗa maka sunanta ba, faɗin da aka yi ya isa. Ta daɗe tana shan maganinta cikin rufin asiri, jikinta garau, masarta kuwa sai ka yi layi. Adireshinta sunanta ne da na mahaifinta, ba ƙari ba ragi. Ranar nan saƙo ya zo cewa za a duba idanu kyauta, kowa na iya zuwa. Baiwar Allah ta tuna tsofaffin unguwarsu da ke lalube, ta kwafi layin ta tura a zauren matan unguwa na waya. A zatonta layi ɗaya ne aka aika wa kowa. Ba ta san nata ne ita kaɗai ba, kuma duk wanda ya latsa, shafin ƙungiyar zai buɗe ya yi masa maraba da cikakken sunanta, har ya tuna mata ranar karɓar magani.

Shi kuwa sakatare yana zaune a ofis yana kallon rahoto, ya ga ana ta latsa layin mai masa, latsawa ba ƙaƙƙautawa. Wallahi daɗi ya ji. Har ya ce a ransa, ina ma sauran su damu da lafiyarsu kamar wannan mata. Bai san ashe unguwa ce guda ke leƙa asirinta, shi yana ƙirga musu ba. Bayan nan sai shiru. Saƙo ya tafi, ba ta buɗe ba. Wani saƙon ya bi baya, ba ta buɗe ba. Ya ɗauki babur ya nufi tasha da hantsi, lokacin da ya kamata a ce ana rububin masa. Ya tarar da ita zaune, ƙullu cike da roba ya kumbura har ya yi tsami, tanda ta huce, benci ba kowa. Masa dai ba ta ɗaukar wannan cuta, amma je ka gaya wa mai tsoro. Ya gaishe ta, ya fara kame-kame. Ta dube shi ba faɗa ba zagi, ta ce, "Malam, ni na ba ka sunana don ka riƙe mini ne. Ban san rataya mini shi ka yi a baya ba." Kafin wata ya ƙare ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin, ba wanda ta yi wa sallama.

Ya koma ya sa aka ɓoye adireshin kowa kamar yadda aka ba shi shawara tun farko, amma labari ya riga ya zaga. Mutanensa suka ji cewa saƙon Malam yana da ido, kuma yana da baki. Wasu suka rufe imel ɗinsu, wasu suka ga saƙon suka goge ba su buɗe ba, wasu suka daina zuwa karɓar magani gaba ɗaya don kada a haɗa su da ƙungiyar. Kullum da safe sai ya buɗe rahoton nan ya zuba masa ido, ba abin da ke motsi. Da can mutum ɗaya ne ya ɓace masa. Yanzu bai san mai rai ba, bai san wanda aka binne ba, kuma baƙin cikin wannan bai sake shi ba har ya ajiye aikin.

Saboda haka kafin ka ɗaura sunan mutum a jikin abin da zai iya yawo hannu-hannu, tambayi kanka ko sanin da kake nema ya kai abin da shi zai rasa. Hausawa dai sun riga mu faɗa: garin neman gira, aka rasa ido.