Bukkar Inno

Sau uku Malam Mamuda ya yi sallama a ƙofar bukkar, tsohuwar ba ta ko ɗaga kai ba.

Mamuda mai ba da bashin hatsi ne a Kurfi, kuma a shekarun nan kafin samun mulkin kai ba a taɓa kai ƙararsa gaban alƙali ba. Goggonsa da ta raine shi ta horar da shi kada ya ci haƙƙin kowa, shi ma da wannan yake taƙama. Bara da aka yi fari, wannan tsohuwar Bafilatana, Inno, ta aiko daga rugarsu ta bayan Karofi a ba ta damman gero, ta jinginar da bukkarta. Ga masu hatsi nan birjik a Dutsin-Ma kusa da ita, amma ta ce sai na Kurfi. Kaka ta zo ta wuce, ko zangarniya ba ta biya ba.

Mai ɗaukar ɗakin jingina akwai abin da ke wuyansa, Mamuda kuwa ya san shi sarai. Ya zo da shaidu daga cikin gari, tunda mazan rugar sun yi kudu da shanu. Ya sa aka fito da ƙorenta da tabarmarta, aka jera su a gindin tsamiya. Saura tambayar mai ɗaki.

"Inno, in kina da magana ki faɗa. Ko wa'adi kike so, zan ƙara miki."

Ta juya masa ƙeya. Abin haushi, yanzun nan ta gama hira da masu ɗaukar kaya, har nono ta dama musu. Shi kaɗai ne bai isa ba! Zuciya ta ɗebe shi. Shaidu suka ce shirun mai ɗaki yarda ce, ya ce a ɗaga.

Aka tuge turaku, aka naɗe zana a bayan jakuna, ƙarti suka ɗauki jinka a ka. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Da suka yi nisa ya waiwaya, sai ya hange ta tsaye a kufan ɗakin tana kallonsa, a karo na farko.

A Kurfi ya kafa bukkar a bayan gida don ajiyar kaya. Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. In ya sunkuya ya shiga, ƙanshin hayaƙi da man shanu ya buge shi, sai ƙirjinsa ya yi nauyi. Rannan da la'asar matarsa Larai ta iske shi zaune a ciki, ƙaton mutum mai gemu, hawaye sharɓe-sharɓe.

"Malam, lafiya?"

"Wallahi ban sani ba, Larai. Tsoron ɗakin nan nake ji, kuma na kasa fita."

Da ruwa ya sauka jinkar ta fara yoyo. Garin gyara ya ciro ludayi da 'yar wuƙa soke a cikin ciyawa. Abin da aka soke a jinka ba ya cikin jingina, dole a mai da wa mai shi. Har ga Allah ya yi murna da samun dalili. Ya ɗaura sirdi, ya ƙudura a ransa zai ce ya yafe geron, ɗakin ma a mayar mata.

A rugar ya tarar maza sun dawo. Wani dattijo mai suna Lado, ƙanen Inno, ya karɓi kayan yana jujjuya su.

"Ka makara, Malam. Ta ƙi shiga ɗakin kowa, ta ce a kufan ɗakinta za ta zauna ko za a dawo. Ruwan farko a kanta ya ƙare, tari ya kama ta. An kai ta makwancinta tuni."

Mamuda ya ce, "Innalillahi! To me ya hana ta yi mini magana? Kalma ɗaya fa, Baffa, da na bar mata!"

Lado ya daɗe yana duban fuskarsa.

"Ashe har yau mutanen gidanku ba su gaya maka ba? Yaro, a wurinmu mace ba ta magana da ɗanta na fari."